Ɗorin Ƙafar Kare: Wauta Ce Ko Sauke Amana?

 

Ya ku 'yan'uwa Musulmi, mas'alar da muka ɗauko a wannan fitowa ba ta cikin waɗanda aka saba ji a kan mumbari, kuma mun san akwai wanda zai yi murmushi da ganin kanunta. Muna roƙonsa ya yi haƙuri ya karanta, domin malamanmu na fiƙihu ba su raina ta ba. Sun ba ta gurbi a babin tsarki, da babin taimama, da babin ciniki, da babin ciyarwa, har da babin yanka.

A Icirnawa da ƙauyukan da ke kewaye da ita, a nan ƙasar Matamai ta jihar Damagaram, kare ba baƙo ba ne. Shi ke kwana a bakin garka, shi ke rakiyar awaki da tumaki zuwa kiwo, shi ke haushi da dare idan wani motsi ya kusato turke ko rumbun hatsi, musamman a gidajen da mazansu suka tafi ci-rani. Da rani kuwa samari su sa shi gaba zuwa farauta. Dabbar da ke irin wannan kai-da-kawowa ba ta rasa gamuwa da tsautsayi: amalanke ta taka shi, ko mai babur ya banke shi, ko ya faɗa tarkon da aka ɗana wa wani abu dabam, ko yaro ya same shi da dutse a ƙwauri. Sai a wayi gari a gan shi yana ɗingishi da ƙafa uku, ta huɗun tana reto.

Abin da ke biyo baya kowa ya san shi. Da akuya ce ta karye, kafin hantsi an kira maɗori, an fere kara, an yago tsumma, an ɗaure ta a inuwa ana kawo mata harawa da dusa har inda take kwance. Amma da yake kare ne, sai a ce a bar shi, in yana da sauran kwana ya tashi. Wani ma idan kukansa ya hana shi barci, sai ya sa yara su ja shi can bayan gari su yar. Wanda kuwa ya yi ƙarfin hali ya ɗora masa, ko ya ɗauke shi ya kai wa ma'aikatan kiwo a Matamai, to ya zama abin labari a majalisa: wane ya rasa abin yi da kuɗinsa, wane yana kwaikwayon Nasara. Tsakanin mai ɗorin da masu yi masa dariya, wa ya fi kusa da abin da ke cikin littattafan da muke karantawa a zaure?

Mu fara gaya wa kanmu gaskiya game da dalilin wannan bambanci. Akuya tana da kasuwa. Ɗorinta tsare dukiya ne, kuma tsare dukiya abu ne mai kyau wanda shari'a ta yi umarni da shi, sai dai ba ya nuna ko mutum mai tausayi ne, domin marowaci da azzalumi su ma suna ɗora wa akuyarsu. Kare kuwa ba a layya da shi, ba a yanka shi ranar suna, ba a tatsarsa, kuma mashhurin mazhabarmu ya hana cinikinsa. Ranar da ƙafarsa ta karye, gadi ya tsaya, farauta ta tsaya, ya koma baki mai ci kawai. Duk abin da aka yi masa daga wannan rana ba shi da mai biya sai Allah. Shi ya sa muke ganin kare mai karaya ya fi akuya auna abin da ke cikin zuciyar ubangidansa.

Hujjar da aka fi kawowa ita ce kare najasa ne, mai salla ba ya taɓa shi. Wannan magana tana da asali, amma a mazhabar Imam Shafi'i da ta Imam Ahmad take. A mazhabar Imam Malik (ya rasu a shekara ta 179 bayan Hijira, watau 795 Miladiyya), wadda mafi yawanmu ke bi, duk abu mai rai tsarkakakke ne muddin yana da ransa, shi da guminsa da hawayensa da yawunsa, kuma Shehu Halil ya tabbatar da haka a farkon Mukhtasar bai cire kare ba. Umarnin da ya zo cikin hadisi na a wanke ƙwarya sau 7 idan kare ya sha a cikinta, Malikawa sun karɓe shi hannu biyu, sai dai sun ɗauke shi a matsayin ibada da ake yi don bin umarni, ba don bakin karen ya ƙazantar da ƙwaryar ba. Suna kafa hujja da aya ta 4 ta Suratul Ma'ida, wadda ta halatta cin abin da horarren karen farauta ya kamo, alhali da bakinsa yake kamowa. Suna kuma kafa hujja da abin da Buhari ya kawo daga Abdullahi ɗan Umar (R.A.), cewa a zamanin Manzon Allah (S.A.W.) karnuka kan shiga masallaci su fita, ba a yayyafa ruwa saboda haka. Ba mu kawo wannan don mu aibata wanda ya bi wata mazhaba ba. Ko a wurin masu ganin najasarsa, taɓa najasa saboda buƙata ba saɓo ba ne, wankewa ake yi. Wanda ya yi jinyar kare, jini da mugunyar da suka taɓa hannunsa ko rigarsa su ne abin wankewa, kamar yadda zai wanke jinin rago. Alwalarsa kuwa tana nan, domin taɓa kare ba ya cikin abubuwan da ke warware ta.

Hujja ta biyu ta fi ta farko ƙarfi, kuma ba za mu kauce mata ba. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa wanda ya riƙi kare ana rage masa ƙiraɗi ɗaya na lada kowace rana, a wata ruwayar ƙiraɗi biyu, in banda karen farauta da na kiwo da na gona. Ya kuma inganta cewa mala'iku ba su shiga ɗakin da kare yake ciki. Saboda haka riƙon kare don ado, a kwana da shi kan shimfiɗa ɗaya, ba tafarkinmu ba ne, kuma babu abin da za mu faɗa a nan da zai mai da shi tafarkinmu. To amma mu duba karnukan ƙauyukanmu: mafi yawansu cikin waɗancan ukun da aka keɓe suke. Saura karen gadin gida, wanda Risala ta Ibn Abi Zaid bai ambata cikin halattattu ba. Masu sharhin Risalar sun kawo labari cewa shi kansa Ibn Abi Zaid, malamin Ƙairawan wanda ya rasu a 386 (996 Miladiyya), bangon gidansa ya taɓa faɗuwa a lokacin da yake tsoron miyagu, sai ya ajiye kare. Da aka tuna masa cewa Malik ya ƙi haka, sai ya amsa da cewa da Malik ya riski wannan zamani, da zaki zai ajiye. Ibn Abdil Barr na Andalus, wanda ya rasu a 463, shi ma ya fahimci cewa buƙatar jawo amfani ko kore cuta tana shiga cikin ma'anar izinin. Tsohuwar da 'ya'yanta ke Kano ko Agadas, ita da jikoki da rumbu ɗaya, ba ta fi Ibn Abi Zaid kaurin bango ba.

To, da zarar shari'a ta ba mutum izinin riƙe dabba, ta ɗora masa ɗawainiyarta tare da izinin. A babin ciyarwa, inda aka yi maganar haƙƙin mata da 'ya'ya da iyaye, nan Halil ya sa wajabcin ciyar da dabbar da mutum ya mallaka idan ba ta da wurin kiwo. Izzuddin ɗan Abdussalam, babban malamin Shafi'iyya wanda ya rasu a Masar a 660 (1262 Miladiyya), ya jera haƙƙoƙin dabbobi a kan ɗan Adam cikin littafinsa Ƙawa'idul Ahkam, ya kuma fara da cewa mai dabba ya ci gaba da ciyar da ita ko da ta naƙasa ko ta yi rashin lafiya har ta daina amfani. Wannan daidai yake da mas'alarmu: haƙƙin ba ya ƙarewa ranar da amfanin ya ƙare. Risala kuma, duk da ta kawo hanin sayar da kare, ta ce wanda ya kashe karen da aka yi izinin riƙewa sai ya biya ƙimarsa. Ashe abin da ba shi da kasuwa yana iya zama yana da alfarma a gaban alƙali.

Akwai wata mas'ala a babin taimama da muke so masu salla su tsaya su dube ta da kyau, domin da yawanmu mun karanta ta mun wuce. A ce mutum yana daji, rana ta take, lokacin azahar ya shiga, ruwan da ke cikin butarsa bai wuce na alwala ɗaya ba, ga kuma dabba tare da shi ƙishirwa na neman halaka ta. Halil ya lissafa tsoron ƙishirwar mai alfarma da ke tare da mutum cikin uzurorin da ke halatta taimama. Shehu Ahmad Dardir, wanda ya rasu a 1201 (1786 Miladiyya), da ya zo sharhin wurin sai ya ambaci karen da aka yi izinin riƙewa da sunansa cikin masu wannan alfarma, ya kuma bayyana cewa idan ana tsoron halaka ko cuta mai tsanani, to barin alwalar wajibi ne. Watau ruwan da aka tanada don tsayawa gaban Allah, shari'a ta ce a zuba wa kare, mai salla ya buga hannunsa a ƙasa. Idan an ba kare ruwan alwala don kada ya mutu, da wace fuska za mu hana shi kara biyu da tsumma?

Wannan hukunci bai faɗo daga sama ba, tushensa hadisin Abu Huraira ne (R.A.) wanda Malik ya kawo a Muwaɗɗa, Buhari da Muslim ma suka kawo. Wani matafiyi ƙishirwa ta tsananta masa, ya sami rijiya ya sauka ya sha. Da ya fito sai ya ga kare yana lallage harshe, yana cin danshin ƙasa saboda ƙishi. Ya gane cewa abin da ya same shi ne ya sami karen, sai ya sake sauka, ya cika huffinsa da ruwa, ya riƙe shi da haƙora ya hau, ya shayar da karen, Allah Ya gode masa Ya gafarta masa. Mutanen wannan ƙasa sun san abin da ake nufi da sauka rijiya ba guga ba igiya, sun san ba a yin sa sau biyu don wasa. Karen nan kuwa ba nasa ba ne, bai taɓa yi masa gadi ba, ba zai kuma sake ganinsa ba. Sahabbai da kansu sun yi mamaki, suka tambaya ko akwai lada cikin dabbobi, aka amsa musu cewa akwai lada cikin kowane mai ɗanyar hanta, watau kowane mai rai. A wata ruwayar karuwa ce daga Banu Isra'ila ta yi irin wannan aiki, aka gafarta mata. Idan wannan ne sakamakon shayar da karen da ba a sani ba sau ɗaya, ina ga wanda ya yi wata biyu yana jinyar karen da ya shekara biyar yana kwana a ƙofarsa? Ɗaya gefen kuma sananne ne: matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ta nemi abincinta ba. Kare mai karaya ba ya buƙatar a tsare shi, karayar ta riga ta tsare shi. Wanda ya ja shi bayan gari ya bar shi inda ba zai kai ga ruwa ba, ya duba ko akwai nisa tsakaninsa da waccan mata.

Sai hujja ta uku, wadda muka fi girmamawa, domin daga bakin masu hankali take fitowa. Su kan ce: gida bai ƙoshi ba, a kai wa dawa? Wanda ya ga yunwar 2005 da ta 2010 a wannan jiha, ya ga iyaye mata a layi ana auna damtsen 'ya'yansu a gidan likita, ba zai ji daɗin a zo masa da maganar ƙafar kare ba. Muna tare da su a kan asalin maganar. Shari'a ta jera haƙƙoƙi, ta sa mutum ya fara da waɗanda ciyarwarsu ke wuyansa. Mai jika ɗaya a aljihu, ga ɗa da zazzaɓi ga kare da karaya, babu saɓani cewa ɗan ne farko, wanda ya juya wannan jeri kuwa ya yi laifi. A Turai da Amurka ana yi wa kare tiyatar ƙafa da kuɗin da zai sayi bijimai, kuma babu malamin da zai ɗora wa manomin Icirnawa irin wannan, domin Allah ba Ya ɗora wa rai abin da ya fi ƙarfinta. Amma mu yi adalci: mafi yawan abin da kare mai karaya ke bukata ba a saye shi da kuɗi. Inuwa ce, da kaskon ruwa, da ragowar tuwon da dā ma shi ake zuba wa, da igiya, da ido. Sau da yawa abin da ke hana mu shi ne ƙyuya da tsoron bakin mutane, sai mu lulluɓe su da rigar talauci.

An ce da kare ana biki a gidansu, ya ce mu gani a ƙasa. Wa'azin tausayi ma haka ne, don haka bari mu sauko ƙasa. Dabbar da ke cikin zafin ciwo tana cizon ko da ubangidanta, saboda haka kafin a taɓa ƙafar a yi masa takunkumi da tsumma, a kore yara, a kuma kwance takunkumin da zarar an gama, domin da baki kare ke fitar da zafin jikinsa. A nuna shi ga wanda ya san aikin. Karayar da ke ƙasa da gwiwa ita ce ke karɓar ɗori. Ta cinya kuwa kara ba ya riƙe ta saboda kaurin nama, sai tiyata a sa ƙarfe, irin wadda ake yi a asibitocin koyarwa na dabbobi kamar na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya da na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Idan ƙashi ya huda fata ya fito, kada a kwana ana shawara, domin ƙwayoyin cuta ba su jira.

Ko ɗori aka yi ko tiyata, aikin mai shi daga nan yake farawa. Ƙashin babban kare yana ɗaukar mako 8 zuwa 12 kafin ya haɗe, na kwikwiyo kuwa kamar rabin haka. Wurin da aka fi yin hasara shi ne mako na biyu da na uku, lokacin da zafi ya ragu, kare ya ji kamar ya warke, ya hango zomo ko abokin faɗa ya zabura, aikin ya wargaje. Don haka a ɗaure shi da gajeriyar igiya a rumfa ko a inuwar rumbu, wajen ɗakunan kwana, a riƙa fita da shi a hannu ya yi bukatarsa ya komo. Kowace safiya a duba yatsun ƙafar: in sun kumbura, ko sun yi sanyi, ko wurin ya fara wari, ɗaurin ya matse, a sassauta a koma wurin mai aikin, domin ɗori mai matsewa yana kashe ƙafa fiye da karayar kanta. A tsare shi daga jiƙewa da damina, a kori ƙuda don kada rauni ya yi tsutsa. Kare yana lasar ciwonsa yana tsinke zaren ɗinki da haƙori, maganin wannan kuwa tsohon bokitin roba ne, a yanke gindinsa a saƙala masa a wuya har a cire zaren bayan kwana 10 zuwa 14. Kuma don Allah kada a sayo maganin ciwon jiki na mutane wurin masu talla a ɗura masa. Irin su ibufurofen da diklofenak suna yi wa kare gyambon ciki, suna lalata masa ƙoda.

Akwai iyaka da dole mu ja, domin tausayin da ya jefa yara cikin halaka ba tausayi ba ne. Ba kowane kare mai jan ƙafa ke da karaya ba. Ciwon haukan kare yana da nau'in da ke zuwa da shanyewar ƙafafun baya, ba tare da hargowa ba. Karen da ba a ga abin da ya buge shi ba, halinsa ya sāke, yawu na dalala, muƙamuƙinsa ya saki, ko yana cizon duk abin da ya gani, wannan ba a sa masa hannu a baki, a nisance shi a sanar da ma'aikatan kiwo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wannan ciwo yana kashe kusan mutum 59,000 a shekara, galibinsu a Afirka da Asiya, kusan duka ta hanyar kare, kuma kimanin 4 cikin 10 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Wanda kare ya ciza ya wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, ya tafi gidan likita a ranar don allura, kada ya tsaya ga tofi da rubutu kaɗai, domin da zarar alamun ciwon sun bayyana, da wuya ƙwarai a tsira. Manzon Allah (S.A.W.) ya lissafa kare mai cizo cikin abubuwan da ake kashewa ko da mutum yana cikin harami. Yi wa lafiyayyen kare allurar riga-kafi kuwa yana cikin haƙƙin maƙwabta a kan mai shi.

Saura karen da aka duba aka tabbatar ba zai tashi ba, kamar wanda ƙashin bayansa ya karye, ko ƙafar ta ruɓe ciwon ya ci jikinsa. Malamanmu ba su bar wannan ma ba. A babin yanka Halil ya halatta yanka dabbar da ba a ci idan an fid da rai da ita, Dardir kuma ya ce abin so ne, domin a hutar da ita. Sai dai a yi shi bisa hadisin Shaddad ɗan Aus (R.A.) da ke cikin Muslim, wanda Nawawi ya sa na 17 a cikin Arba'una, mai umarni da kyautatawa har wajen kisa. Babban mutum ne zai yi, da sauri, da kaifin wuƙa ko allurar likita. Ba a miƙa shi ga yara su yi ta jifa suna shewa, ba a ba shi guba ya kwana yana shure-shure.

Kada kuma a yi gaggawar yanke ƙauna. Ƙashin da ya haɗe a karkace yana ɗaukar mai shi, kuma kare da aka yanke wa ƙafa ɗaya yana sabawa da ukun cikin 'yan makonni, ya yi tafiya, ya yi gudu daidai gwargwado. Farauta ta wuce shi, amma bakin garka da ƙofar gida suna nan, domin da kunne da hanci da murya ake gadi, kuma babu ko ɗaya cikinsu da amalanke ta taka.